Neman Aure a Gidan Koci

Ni da Baffa, ƙanin mahaifina, abu ɗaya ne ke haɗa mu hira tun ina ƙarami, shi ne ƙwallo. In ka cire ta, daga "ina kwana" sai "Allah ya yi albarka". Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a gidanmu na Unguwar Shanu, kuma shi ya fara saɓa ni a wuya ya kai ni filin wasa. Bakatsine ne, tsohon direba a tashar Kawo, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka fasinja yake kira. Da idonsa ya fara rauni sai ya ajiye tuƙi, ya koma zaman benci a bakin ofishin tasha, inda ba shi da aiki sai raba gardama da tayar da wata.

Ƙungiyar da muke goyon baya ba zan kama sunanta ba, ta sha kunyar da ta ishe ta. Ƙarama ce, a rukuni na ƙasa take bugawa, amma tamu ce. A shekarar da nake ba da labari ta lalace ƙwarai. An kawo sabon koci daga wani gari, aka ce ya yi kwas, ya san zamani. Tun da ya zo muke shan kashi a waje, a gida kuma in mun yi kunnen doki har murna muke. Ana saura wasa ɗaya a rufe kakar wasanni, ya zamana in ba mu ci ba za mu sake gangarawa ƙasa, inda ko rediyo ba ya ambaton sunan mutum.

Duk yamma in na taso daga ofis sai na biya ta tasha. Baffa ya matsa min a benci, mu ɗora daga inda muka tsaya jiya. Shi daga saman 'yan kallo yake hango wasa dishi-dishi, sauran kuma ni nake cike masa. Bakina ba shi da linzami a kan ƙwallo, wannan kowa ya sani. In na yanko magana majalisa ta fashe da dariya, Baffa ya buga cinyarsa ya ce, "Ku ji ɗana! Wallahi shi ya kamata a ba ƙungiyar nan." Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

A wannan shekarar ce kuma na samu wadda nake so in aura. Malamar makaranta ce, gidansu a Mando, mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, mutum mai sanyin hali. Magana ta yi nisa har aka ce in turo manya. Ana gab da zuwan, muna zaune a ƙofar gidansu, ta ce min ai ba babanta ne zai karɓi baƙin ba, ya miƙa wa ƙaninsa kamar yadda aka saba.

"Baba Ƙarami ne waliyyina," in ji ta. "Ka ma san shi ai. Shi ne kocin ƙungiyar nan taku da kake ta ɓata rai a kanta."

Ta faɗa ne kamar mai cewa gobe Laraba. Ita ƙwallo ba ta dame ta ba. Na ce mata, "Wane koci?" Ta ce koci nawa gare ku? Na yi mata sallama ban ko shanye ruwan da ta kawo min ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, to mene ne abin wahala, je ka gaya wa baffanka mana. Haka ne, a baki da sauƙi. Amma ni ban taɓa ambaton yarinyar nan a gaban Baffa ba, ko da wasa. Maganar auren gaba ɗaya ta bakin Gwaggo ta bi, yayarsu mahaifina: ni in gaya mata, ita ta kai masa, ya ba ta amsa, ta dawo min da ita, alhali ni da shi muna kwana gida ɗaya. Na gwada, Allah ya sani. Na je tasha na zauna kusa da shi, na buɗe baki na ce, "Baffa, kocin nan..." Ya ce, "Mi ya kuma yi, ɗan banza?" To daga nan sai in ce ƙanin uban wa? Muka ɓuge da zagin 'yan baya har aka kira magariba.

Sai na tafi wurin Gwaggo. Na zayyana mata komai dalla-dalla: mutumin da zai karɓe su shi ne mai horar da ƙungiyarmu, Baffa bai san fuskarsa ta kusa ba, don Allah ta gaya masa kada ya kuskura ya ɗauko zancen ƙwallo. Tana tsince shinkafa tana cewa to, to, na ji. Na tafi hankalina kwance.

Ango ba ya zuwa neman aurensa, wannan ma sananne ne. Amma ranar, abokina da zai tuƙa su ya kira ya ce matarsa na asibiti. Baffa ba ya gani sosai, limamin unguwarmu bai iya mota ba, maƙwabcinmu da zai raka su ma haka. Dole ni na ɗauki makulli, bisa sharaɗin in mun isa in zauna a mota kada a ko ga ƙeyata.

Mun wuce Kawo ke nan Baffa ya yi gyaran murya, ya juya wajen liman.

"Malam, ka ji zamani. Wai yau ni aka aiko ma saƙo in kama bakina a gidan mutane. Ni! Aure nawa na nema a garin nan? Ni za a koya ma zama cikin manya?"

Innalillahi. Nan na gane abin da Gwaggo ta isar. Ta zubar da koci, ta zubar da ƙwallo, ta kai masa "ka kama bakinka" tsirara. Na kalle shi ta madubi, ya sha babbar riga, ya ɗaure fuska. Ga liman, ga maƙwabci. In ban iya faɗa muna mu biyu ba, a gaban waɗannan zan iya? Na riƙe sitiyari na yi ta addu'a a zuci har Mando.

Na faka a gindin wata bishiyar dalbejiya da ke jikin katangar gidan. Ban lura ba sai da suka shiga, ashe tagar falon baƙi tana daidai kaina, a buɗe saboda zafi kuma ba wuta. Duk abin da aka faɗa a ciki yana shigo min mota. Na so in matsa gaba, na ji tsoron ƙarar inji ta sa a leƙo.

Da farko komai ya tafi daidai. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Liman ya yi addu'a. Baffa ya gabatar da abin da ya kawo su da lafazi mai kyau, har na ji alfahari da shi: ɗansu ya ga 'yar gidan nan, sun zo neman iri, in Allah ya sa da rabo. Wata murya mai taushi ta amsa, ba gaggawa a cikinta. Na san muryar. Na sha jin ta daga nesa tana kiran 'yan wasa su koma baya. Ya ce sun ji daɗin zuwan, sun kuma yi bincike sun ji alheri, sai dai a sa ranar da za a dawo a tsayar da magana.

Maƙwabcinmu ya ce, "Ko Asabar mai zuwa?"

Mai taushin murya ya ce, "Asabar kam ina da aiki."

Sai Baffa ya yi dariya. Da na ji dariyar nan na san ta ƙare min.

"Ni ma Asabar ba ni nan, Alhaji. Jana'iza gare mu. Ƙungiyarmu za a kai makwanci."

Mahaifin yarinyar ya yi tari. Ni na dafe kai da hannu biyu.

"Alhaji ana taɓa kallon ƙwallo ke nan," in ji kocin.

"Kallo? Ai ni ciwo nake kallo, ba ƙwallo ba. Kana ji na ko? Ka ɗauki golanmu. Yaron kirki ne, ban ce ba, amma in aka bugo kwana sai ya fito da gudu kamar mai korar kaza, ƙwallo na gabas shi yana yamma. Lamba biyar kuwa, kafin ya juya jikinsa an yi alwala an yi salla. Lamba tara ya kama haya a satar gida, can yake kwana can yake tashi. To duk wannan mai sauƙi ne. Yara ne, abin da aka ce su yi shi za su yi. Babbar cutar tana bakin layi."

"Allah Sarki," in ji kocin.

"Wallahi! Mutum ya zo mana da wani salo, wai a fara ba da ƙwallo tun daga gola, a yi ta 'yar ba-ni-in-ba-ka a gaban raga. A wane fili? Filin da ya fi gonar dankali kunya-kunya? Ka ba ɗan'uwanka ƙwallo a ƙasa, ta yi tsalle ta tafi wurin abokin gaba. Ka buga ta sama mana, a yi ta ta ƙare! Sannan kana gida, kana neman ci ido rufe, ka sa ɗan gaba ɗaya tal, ya yi ta yawo shi kaɗai kamar maraya. Ga ɗan gajeren nan mai lamba sha ɗaya, mai gudu, yana benci yana ɗumama katako. Ba za a sako shi ba sai an ci mu, sai alƙali ya fara duba agogo. Shi kuma gogan yana tsaye ya harɗe hannu, kai ka ce mota yake jira."

Liman ya ce, "Alhaji, lokaci na tafiya." Maƙwabcinmu ya ce, "Haka ne, la'asar ta yi nisa." Ina! Wanda ya san Baffa ya san in ya hau wannan titin ba ya da birki. Na kama murfin mota zan fita, na tuna in na shiga falon nan na yi abin da ya fi wanda ake yi muni. Na saki. Na ce a raina, to ya tsaya a nan, ya Allah, ya tsaya a kansa shi kaɗai. Tsoho ne, za a yi masa uzuri.

"Kuma kada ka ce ni tsoho ne ban san zamani ba," in ji Baffa. "Ɗan nan namu da muka zo nema ma aure, ya fi ni sanin ƙwallo nesa ba kusa ba. Kaf Kawo ba mai ja da shi. Ka san mi ya ce? Ya ce kocin nan, ko awaki aka ba shi ya kai kiwo, da rabi zai dawo gida!"

Ya fashe da dariya shi kaɗai. Maganata ce, ba ƙari ba ragi. Ni na faɗe ta a tasha, aka yi ta tafawa. Baffa kuma ya kawo ta nan ne don ya ɗaga ni, ya nuna wa surukai irin kaifin ɗan da za su samu. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige da ni da motar.

Da dariyar ta lafa, sai mai taushin murya ya ce, "To Alhaji, ai ni ne makiyayin."

Kukan wani jirgi da ya tashi daga sansanin sojan sama ya zo ya wuce. Can Baffa ya ce, "Na'am?" da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Mahaifin yarinyar ya ce a hankali, "Ƙanena ne, shi ke horar da su."

Liman ya shiga ba da haƙuri, maƙwabci na taya shi. Kocin ya ce ba komai, ya saba, wanda ya ɗauki aikin jama'a ya ɗauki bakinsu. Daga nan ya ce, "Maganar da ta kawo ku mun ji, mun gode. Amsa sai bayan Asabar. Amma a ce wa yaron ya same ni a fili ranar, ya zauna a bayana. Tunda ya sani, gara ya faɗa min a kusa."

Kowa ya san in aka ce wa masu neman aure "amsa sai daga baya" bayan an riga an ce an ji alheri, to magana ta samu tangarɗa.

A hanyar dawowa raina in ya yi dubu ya ɓaci: ina jin haushin Gwaggo, ina jin haushin Baffa, na rasa wanda zan fara da shi. Sai da muka sauke liman da maƙwabci, muka rage mu biyu a ƙofar gida, Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka sani?" Na ce, "Na sani, Baffa." Ya ce, "Mi ya hana ka faɗa mini?" Bai sake tambaya ba, don ya san abin da ya hana. Ya fita yana laluben ƙofa, babbar rigar tana jan ƙasa. A makon nan bai je tasha ba.

Ita kuwa na kira ta ba ta ɗauka ba. Sai can ta turo min saƙo, kalma biyu: "Awaki ko?" Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge, na haƙura.

Ranar Asabar na tafi fili ni kaɗai, Baffa ya ce ƙafarsa na ciwo. Mai gadin ƙofar 'yan wasa ya riga ya san da zuwana. Aka kai ni wata kujerar roba a bayan benci. Kocin ya zo cikin kayan wasa da hular hana-salla, na zube ƙasa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, ɗana, zauna."

Shekara da shekaru ina shiga filin nan, ban taɓa zama a ƙasa ba. Daga sama mutum yana ganin komai a shimfiɗe, yana ganin inda ya kamata ƙwallo ta bi. Daga ƙasa ƙafafu kawai nake gani da ƙura, da numfashin yara kamar za su shiɗe. Kuma duk abin da aka faɗa a sama, a bayan wuyanka yake sauka. Ban san haka ake jin mu ba. Kowace kalma tana isowa, har da sunan uwar mutum.

Ba a daɗe da farawa ba aka bugo mana kwana. Gola ya fito, ƙwallo ta wuce shi, aka sa mata kai ta faɗa raga. Fili ya ɗauki ihu. Daga ɓangaren da 'yan Kawo ke zama, inda nake zama kullum, sai na ji wani ya ƙwala, "Makiyayi! Ina sauran awakin?" Wasu suka kama kukan awaki, mee, mee, abin ya zagaye fili. Maganata ce ta bar tasha ta yi ƙafa. Na san masu yin ma, da muryoyinsu, mutanen da muke shan shayi tare. Kocin yana tsaye a gabana, hannu a harɗe, bai waiwaya ba. Daga inda nake ina ganin yatsunsa sun damƙe hannun rigarsa.

Bayan hutun rabin lokaci ya sako ɗan gajeren mai lamba sha ɗaya, ya ƙara ɗan gaba, ya ce a riƙa bugawa sama. Duk abin da muke ta kururuwa a kai tun farkon kaka, ya yi. Gajeren ya yi gudu har sau biyu ya wuce kowa, ya buga ta tafi bayan fili. Ƙwallon sama kuma duk a kan dogayen 'yan bayansu take sauka. Lokaci na ta tafiya.

Sai kocin ya juyo. Ya tako har inda nake, ya sunkuyo. Na ɗauka gori zai yi min, na ma shirya karɓa. Amma fuskarsa ba ta mai gori ba ce, idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe.

"Canji ɗaya ya rage min," ya ce. "Wa zan cire?"

Da gaske yake tambaya. Na dubi fili, na dubi yaran da suka rage a benci suna kallona. Ni da nake cire mutum biyar a zama ɗaya ina kurɓar shayi, na nemi suna ɗaya a kaina na rasa. Duk wanda na kalla sai in ga in an cire shi ramin da zai bari ya fi shi.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ɗan dube ni, ya gyaɗa kai, ya koma bakin layi ya yi canjinsa. Bai yi amfani ba. Ana gab da tashi suka ƙara mana ɗaya, alƙali ya busa, muka gangara.

Ledojin ruwa suka fara sauka, wasu da ruwa wasu da ƙasa. 'Yan sanda suka kewaye benci aka tura mu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin wurin zama. Kafin mu shige leda ɗaya ta same ni a kafaɗa, ban ko goge ba. A ciki yara suka zube a ƙasa, golan yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Kocin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kansu. Wani mai babbar riga daga shugabannin ƙungiya ya ja shi gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga kocin ya ciro usur daga wuyansa ya miƙa masa. Ba sai an gaya min ba, an sallame shi.

Na raɓe a bakin ƙofa ina neman hanyar sulalewa. Maganar aure kam na riga na binne ta a raina, ina tunanin yadda zan gaya wa Gwaggo. Sai kocin ya hango ni, ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa, na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe min." Ya zauna a kan wani akwatin ruwa, ya cire hular, ya share ƙasar da ke wuyansa.

"Ka aika wa baffanka," ya ce, "su zo ranar Juma'a a sa rana. Na ba ka ita."

Na ɗago ban yarda da kunnena ba.

"Tashi ka je," in ji shi. "A garin nan yau, ko mutum ɗaya ne, a samu wanda ya koma gida da farin ciki ta dalilina."

Na fita ta ƙofar baya, na zauna a kan wani dutse a bayan katanga, ina jin jama'a na watsewa suna ta zaginsa, na rufe fuskata da hula.